Rasuwar 'Yar Sittin, Langar Ciyayya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kumburarrun ƙafafu da suka ƙi zama wuri ɗaya, ni Saude, matar marigayi Malam Lawwali na Kurawa a ƙasar Sabon Birni, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan da na Isa da waɗanda fari ya watsa kudu, rasuwar langata, wadda kowa ya sani da 'Yar Sittin. Ta cika jiya Litinin da hantsi, a kan dangar da ta raba gidana da na maƙwabciyata Luba, tana tsakiyar aiki. Ta rasu tana da shekara ashirin da huɗu da 'yan watanni, saura kwana goma a kama azumi, ko da yake mu nan mun daɗe da kamawa ba tare da an ga wata ba.

Masu karatu su yi haƙuri da rubutun. Na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma ina yi ina tashi. Tun da na fara na leƙa ƙofar gida sau biyu, na dubi gabas sau ɗaya, ba don ina sa ran hadari ba, sai don wuyana ya saba. Ƙunshin kayana yana nan bakin gado a ɗaure. Wata uku ke nan ina ɗaure shi ina kwancewa. Autana Sammani yana Gusau yana aike in taho kafin yunwa ta gama da ni, ni kuma na kasa tafiya, kuma marigayiyar ce sanadi, kamar yadda za ku ji.

Ba mu san garin da aka ƙera ta ba. Ta zo hannuna ne ranar Asabar, ɗaya ga Oktoba, 1960, a Isa, garin iyayena. An ɗebo mu mata shida mu dafa wa 'yan makaranta shinkafar bikin mulkin kai. Yara suka sami 'yan tutoci da kofuna, mu masu girki aka ba kowaccenmu langa sabuwa fil da murfinta. Fara ce tas, bakinta kore. A kan murfin akwai fararen dawaki biyu sun miƙe tsaye suna riƙe da garkuwa. A gindinta ta ciki kuwa an zana taswirar ƙasar nan gaba ɗaya, da koguna biyu da suka haɗu, da wani rubutun Turanci wanda ban taɓa iya karanta komai a ciki ba sai shekarar. Wani malamin makaranta ya ɗora yatsa can sama, daf da inda zanen ya ƙare, ya ce mana nan ne Gobir. Na ce ashe a bakin kwano aka ajiye mu. Ya yi dariya, ni kuwa ba wasa nake ba.

A shekarun ƙoshi ba kasafai ake ganin taswirar nan ba. Tuwo ne ke rufe ta. Sai mutum ya ci ya ƙoshi ya suɗe, sannan ƙasar ta bayyana a ƙasan miya, shi ma ba kullum ba, don mai gidana ba ya cinye abinci. Na fi shekara ashirin ina son ƙasata a haka, ina ganinta jefi-jefi wajen wanke-wanke. Shekara biyun nan kuwa na gan ta har ta ishe ni.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri, mai tsabta, ba ta riƙe warin daddawa. Ta je suna ba adadi, ta je biki, ta kai abincin gona, ta faɗi daga kan jaki sau ɗaya a hanyar Tozai ta tashi da tabo ɗaya kawai. Ba ta da yawan magana. In an rufe ta takan ce ƙwal, in ta faɗi ta ce kangarang, in ana kankare ƙanzo a cikinta ta yi wani ƙarar-ƙarar da ke sa haƙori tsami. Amma babban halinta, wanda aka yabe ta da shi, wanda kuma ya kusa kai mutum biyu kabari, shi ne rufin asiri. Murfinta yana kama baki gam. In ta wuce, ba mai sanin nama ta ɗauko ko gaya.

Aikin da ta rayu a kansa, ta kuma mutu a kansa, shi ne ciyayya tsakanina da Luba. Tun shekarar da na kawo ta gidan nan take ƙetare dangarmu. In na gama girki sai in zuba, in je gindin danga in ƙwanƙwasa murfin da zobena sau uku, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai hannun Luba ya leƙo ta sama ya karɓa. Kashegari ta dawo da ita da nata. Dokar kowa ya san ta: kwano ba ya komawa gida wayam.

Kada wani ya ɗauka ni da Luba irin ƙawayen nan ne masu zama suna tsefe wa juna kai. Luba ƙanwar bayana ce da shekara uku, mijinta ya riga nawa rasuwa, ba ta da ɗa a raye, kuma bakinta ya fi barkono. Ciyayyarmu rabinta zumunci ne, rabinta gasa. In na aika tuwo da miyar kuka, ta maido da fura da nono har da man shanu yana yawo a sama. In na saka tsokar nama ɗaya, sai ta yanka tantabara. Mukan yi faɗa mu yi wata ba mu gaisa ba, amma langa ba ta taɓa fashin kwana ɗaya ba. Ranar da aka fita da gawar Malam Lawwali ma ta ƙetare.

Na sake tashi. Ƙarar mota na ji, ashe guguwa ce ta ɗauki wani tsohon kwano a gidan da aka bari.

Rashin lafiyar ajalinta ya faro ne da na ƙasa. Damina ta farko ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Ta biyu muka yi shuka sau uku, sau uku rana tana ƙone ta. Makiyaya suka fara wucewa da abin da ya rage musu. Maza suka tafi cin rani, rani ya ƙi ƙarewa, suka aiko a kai musu iyali. Aka rufe kan iyaka, 'yan uwanmu na wajen Maraɗi suka zama kamar suna bayan teku. Layinmu mai gida goma sha ɗaya ya koma hayaƙi biyu, nawa da na Luba. Abin da ke cikin langa ya riƙa sauka: tuwo ya koma kunu, kunu ya koma dusa, dusa ta koma busasshiyar tafasa da 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Duk da haka tana ƙetarewa, a rufe, da mutuncinta.

Da rijiyoyi suka ƙafe, da ita nake zuwa gulbi in tona rairayi in kwarfi abin da ya tsatso. Da ita na fasa gidan tururuwa ina neman hatsin da suka tara. Wannan ba aikin langa ba ne, na sani, amma ba ta taɓa ƙorafi ba. Fentinta ya fara ɓarewa ta ciki, kuma ta sama ya fara, daidai inda malamin nan ya ɗora yatsa. Gobir ce ta fara fita daga taswirar. Tsatsa ta shiga wurin, sai 'yar huda kamar ta allura. Mai gyaran kwano ya riga ya bi sauran mutane kudu. Na liƙe da ƙaro da tsumma, na ce ta ƙara haƙuri.

A lokacin ne Atiku, mai akori-kurar da ke bi ta nan duk Alhamis zuwa kasuwar Shinkafi, ya fara kawo min saƙon Sammani. Yakan tsaya bakin zaure ko injin bai kashe ba.

"Inna, Sammani ya ce in taho da ke ko da ɗaure. Mi kike jira garin ga? Ko ungulu sun tashi."

"Ka ce mai ina da sauran aiki."

Sauran aikin shi ne langa. Duk ranar da zan hau mota, ko tana gidana da abincin Luba a ciki, ko tana gidan Luba tana jiran hannuna ya karɓa. Ko ta yaya, ni ce na fara yankewa. Kuma sai na tsaya gaban Luba, ni da ubana ya mutu ya bar rumbu bakwai a Isa, na buɗe baki na ce yunwa ta kore ni. Duk daren Laraba sai in ɗaure kaya, gari ya waye in dubi danga, in kwance. Na ce bari ita ta fara gazawa, sannan in tafi da kaina a sama.

Ranar da na rasa ko tafasa, na sauko da ɗan goran da ke rataye a ɗakina. Irin gero ne a ciki, na ƙarshe, bai fi cikin tafin hannu biyu ba, wanda na ajiye don ranar da ruwa zai tuna da mu. Na juye shi ɗanye a langa na rufe na miƙa. Na ce shi ke nan, gobe Luba za ta maido ta wayam, ko ta riƙe ta don kunya, ni kuma in sami hanya.

Gari na wayewa sai ga langa a kan danga. Na kai ɗaki na buɗe. Gero ne, ɗanye, cikin tafi biyu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato matar nan tana da ɓoyayyen rumbu, ana ta mutuwa tana zaune a kan hatsi. Cikina yana kuka, amma in na dafa shi, me zan mayar? Sai na sheƙe shi a faifai, na juye a ƙwarya ya kwana, don ya yi kama da wani, da safe na mayar mata da abinta. A zatona ta ci wannan, ta ɗebo sabo. Haka gobe, haka jibi. Ni ina komawa gidan tururuwa da anza, gero yana kwana a ɗakina ina jin ƙanshinsa.

Ban tsaya nan ba, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Kullum da hantsi nakan hura wuta da kara in ɗora tukunyar ruwa zalla, don Luba ta ga hayaƙi. Nakan zuba ɓawon gyaɗa a turmi in yi ta daka har numfashina ya sarƙe, don ta ji. In na ajiye taɓarya sai in ji nata turmin ya ɗauka, dum, dum, dum, abin ya ƙara ƙona min rai. Wata rana na tsinci 'yan ƙwayoyin jar dawa a tsagar rumbu, na watsa su cikin geron don in nuna mata ni ma ba a banza nake ba. Kashegari langa ta dawo da jar dawa a ciki. Na zauna bakin gado na riƙe haɓa, na ce oh, har da dawa take da ita. Wallahi haka na ce. Ina ganin hannunta a kan danga kullum, awarwaron da a da yake cije mata wuyan hannu yana zamewa har gwiwa, na ce rowa ce ke cin ta. Na yi wa baiwar Allah mugun zato kwana arba'in da uku, kuma ina jin kunyar abin har cikin ƙashina.

Alhamis ɗin da ta wuce Atiku ya kashe injin, abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna.

"Inna, mai zuwa ita at ta ƙarshe. Babu mutane hanyar ga, za ni mai da mota kudu. In kin tsaya, sai dai a ba Sammani labari."

Na ce masa na ji. Na shiga na ɗaure kaya. Ranar Juma'a langa ta dawo, na kwance.

Jiya Litinin ni ke da miƙawa. Na zuba, na rufe, na je gindin danga na ƙwanƙwasa. Ba ta ce ƙwal ba. Ƙwaf ta ce, kamar mai mura. Da na san maganarta ta ƙarshe ke nan da na saurara da kyau. Na ɗaga ta sama, hannun Luba ya kama gefe ɗaya, nawa yana ɗaya gefen, sai tsumman ya zame, tsatsar ta buɗe tun daga inda Gobir take har can wajen Barno. Shaaa. Geron ya bi kara ya zube a rairayi, rabi gidana, rabi gidanta. Sai na ji wani abu ya faɗi a bayan danga, ba da ƙarfi ba, kamar an yar da damin kara.

Wata takwas rabona da shiga gidan Luba. Na zaga ta zaure ina dafa bango. Na same ta durƙushe tana tsintar gero ɗaya-ɗaya tana tarawa a bakin zane. Matar da na sani da jiki, ta koma kamar taɓarya. Rumbunta a buɗe, ƙadangare yana shan inuwa a ciki. A kan murhu tukunya tana tafasa, ba komai sai ruwa. Na leƙa turminta. Ɓawon gyaɗa.

"Yaya Saude, kar ki taka," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Na gobe na."

"Wane na gobe?"

"Wanda za ni maido maki. Ba ni da wani."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Jar dawar hwa?"

"Taki ta. Ni cewa nike Sammani na aiko maki buhu, kina ɓoyewa. Har Allah ya isa na yi maki."

"Ni ma na yi maki."

Sai ta gaya min dangin mijinta sun zo ɗaukarta tun da sanyi, za su Ƙaura, ta ce ba ta zuwa. Na tambaye ta dalili. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"In na tahi, wa ka amsar langa?"

Ban san wadda ta fara dariya ba. Mun yi ta har ta juye ta zama kuka, muka yi shi ma, ba mai ba wata haƙuri. Tsofaffi biyu, kowacce da ƙofar fita a buɗe, mun zauna muna gadin cikin tafi biyu na gero, muna yi wa juna daka da ɓawo. Marigayiyar ta san komai tun ranar farko. Ita kaɗai ke shiga ɗakunan nan biyu. Ta riƙe asirinmu har inda ƙarfinta ya ƙare, kuma da ta ƙara mako ɗaya da rai, da ba ita za a yi wa wannan sanarwa ba.

Abin da muka iya tsincewa muka tankaɗe, muka daka a turmi na gaskiya, muka dama kunu. A murfinta muka sha, ina kurɓa ina miƙa wa Luba. Shekara ashirin da huɗu muna ciyayya, jiya ne muka fara cin abinci tare. Sauran geron ya shige rairayin gindin danga, ba mai iya raba su.

Marigayiyar ta bar murfinta, yana cikin ƙoshin lafiya sai dai kaɗaici, tare da fararen dawakin nan biyu, waɗanda su kaɗai ne dabbobin da fari bai taɓa ba a layinmu. 'Yan uwanta biyar da aka raba tare a Isa duk sun riga ta, ta ƙarshen an musanya ta da dusa bara. Ta bar ludayi ɗaya mai tsaga, da turame biyu da suka yi shaidar zur ba da son ransu ba. Ta bar ƙasar da ta ɗauki hotonta a ciki tsawon rayuwarta. Muna jin labarinta a rediyo, an ce tana nan lafiya, har an ce ta aiko da hatsi yana hanya. Ba mu yi fushi ba. Mun san daga tsakiyar kwano zuwa bakinsa akwai nisa. In ta sami sarari ta leƙo, har yanzu nata ne mu, ko da fentinmu ya ɓare. Sannan marigayiyar ta bar ni, ta bar Luba.

Na yi wa Luba maganar mota. Ta ce ita ba inda za ta. Na sake ɗaure ƙunshina na ɗauko na ajiye a gabanta na kama bakin ɗaurin, na ce in ba ta zuwa yanzu zan kwance, kuma wannan karon ba mai sake ɗaurewa. Sai ta ce:

"To. Amma ki hwaɗa ma mutane ba yunwa ta kore ni ba. Rakiya za ni yi maki."

Don haka ina sanar da jama'a cewa Luba rakiya za ta yi min. Ni kuma jikoki zan je gani. Duk wanda ya ji wani labari daban, ba daga bakinmu ya fito ba. Sammani ya aika a kawo masa uwa ɗaya, zai karɓi biyu, kuma ban haife shi don ya tambayi dalili ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, na san kwano ce, hankalina bai tafi ba tukuna. Ba wanka, don ruwan da ke tulu na sha ne. Gobe Laraba bayan la'asar, ni da Luba za mu cire kara uku daga danga, mu share wurin da geron ya zube, mu tara rairayin wuri ɗaya, mu kife marigayiyar a kai, mu danne bakinta da duwatsu saboda tsuntsu da iska. Ba za a yi zaman makoki ba, ba mu da abin ba baƙi, kuma zama ya ishe mu. Sadakar uku da ta bakwai an ɗage su sai an yi girbi. Murfin zai bi mu Gusau, a ƙunshin Luba, don ta ce ba ta yarda da ɗaurina ba.

Motar Atiku za ta tsaya bakin zaure jibi Alhamis da sassafe. Wanda ya zo ta'aziyya bayan haka zai tarar da ƙofa biyu a rufe da wannan takarda a soke da ƙaya. Ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya roƙa wa ƙasa ruwa. In ya zaga ya ga tsohuwar langa a kife a gindin danga, don Allah kada ya ɗaga ta. Irinmu ne a ƙarƙashi. Mun bar hudar tana kallon sama.